Bidon Tsamiya da Za Ki Kai wa Baffa

Assalamu alaikum Ummi, ɗiyata.

Ina gaishe ki da kyau. Allah ya kai ki lafiya, ya tsare ki a hanya, ya tsare ki inda za ki sauka, ya haɗa ki da mutanen da za su riƙe ki kamar tasu. Amin.

Na san za ki yi dariya. Ga ni tsakar gida ina tace bisap, zoɓon nan namu, ga ki cikin ɗaki kina ninke kaya, amma sai a waya zan yi maki magana. To ya zan yi? Ke ce ɗiyar fari. Ko sunanki na yanka ba ni iya faɗa, sunan Innata ne Allah ya jiƙanta, balle in zaunar da ke in dube ki ido da ido. In kau na ce in yi maki vocal, saƙon murya, kuka zai cinye rabi. Sai ki yi haƙuri da rubutun wadda ko sartifika ba ta samu ba. Ki karanta sannu-sannu, yana da tsawo, kin san ni.

Gobe in Allah ya kai mu za ki hau babur ɗin kabu-kabu ki biya ta Mairairai ki yi wa kakanki bankwana, daga can ki sauka Mayahi ki shiga motar Maradi. Hajiya Rabi tana jiranki, za ta koya maki aikin abinci da abin sha na biki da suna. Da muka yi waya ta ce mani, “Dije, tunda ɗiyar taki ta iya karatun Faransanci, ita zan riƙa aika butik sayen kwalabe.” Na ce mata to madalla. Amma wallahi tun lokacin gabana ke faɗuwa.

Kin tashi kin ga Baffana, kakan naki, ba ya shan komai daga hannuna. Rabin Tasawa sun sha bisap ɗina, sun sha tsamiya, sun sha lemun citta. Amare sun sha, masu jego sun sha, har ƴan kabu-kabu da ke zagina in ƙanƙara ta ƙare. Mutum guda ne in na miƙa mashi kofi zai karɓa, ya ce Allah ya yi maki albarka, ya aje gefen tabarma har ƙuda su same shi. Kin sha tambayata, ina ce maki rigimar tsufa ce. Ba tsufa ba ne. Kin ji guntu-guntu a bakin mutane, gara ki ji shi a jere daga bakina, don aikin da za ki yi shi ne wurin da na faɗi.

Kina ƙarama, ba ki daɗe da shiga lakwal, makarantar boko, ba, Baffa ya sai da wasu daga cikin shanunshi ya tafi Makka. Har da jar saniyar da ya fi so. Mutumin da duk rayuwarshi bai san abin sha ba sai nono da fura da ruwan rijiya. Lokacin na sayi babbar waya sabuwa, kuma kin san yadda nake. Duk hoton da aka ɗora sai na gani. Ina ta ganin bikin ƴan Yamai da na Kano, amarya da ango sun riƙe doguwar kwalba mai wuyan zinariya, a buɗe ta yi fau, kumfa ta zubo, a yi ta guɗa. Aka ce mani ruwan inabi ne mai gas, ba komai ciki. Kuma gaskiya ne akwai irin wannan, ana sai da shi, ana sha. Sai na ce a raina wallahi da irin wannan zan tarbi Baffa. Kowa zai kai fura, ni zan kai abin da ba a taɓa gani a rugga ba.

Na tafi Maradi takanas. Na shiga wani babban butik mai sanyi, irin wanda baƙi ma’aikata ke sayayya. Kwalabe jere kan kanta, duk kama guda a idona. Na zaɓi wadda ta fi ƙyalli. Mai butik ɗin bai cuce ni ba, Ummi, ba zan ɗauki alhakinshi ba. Ya dubi hijabina, ya dubi kwalbar, ya ce, “Madam, wannan kike so? Kin san ta?”

Wannan “madam” ɗin ita ta kashe ni. Ba a taɓa ce mani madam ba. Ga wasu mata ƴan gayu bayana suna jira. Na ji in na ce ban sani ba za su gane daga ƙauye na fito. Sai na ɗaga kai na ce, “Wi, na san ta, ita nake saye kullum.”

Ya sa mani a leda, na fito ina jin kaina.

To ki ji. In kika shiga butik, ki bar kunya bakin ƙofa tare da ƙurar takalminki. Ƙyallin kwalba ba ya gaya maki komai, masu giya sun fi kowa iya ado. Ki juya bayanta ki karanta har ƙananan rubutun nan da ke sa ido ruwa. Ki nemi inda aka ce babu alkol, wato abin bugarwar da ke cikin giya. In kin ga lamba da alamar kashi cikin ɗari kusa da kalmar alkol, in ba sifiri ba ne, ki maida ta inda take. Ko kin karanta, ki ƙara tambaya da baki, da ƙarfi, kowa ya ji: “Malam, akwai giya ciki ko babu? Limamin unguwarmu zai iya sha?” In ya yi dariya, ya yi. In wata ta harare ki, ta harara. Ba za ki sake ganinsu ba. Wanda zai sha kau za ki yi ta ganinshi. Kuma ki sami butik guda da kika san mai shi, ya san ki, ya san Hajiya, ki riƙe. Ki duba ranar da abu ke lalacewa. Kwalbar da ta sha rana bakin titi, ko marfinta ya yi tsatsa, ko ta yi arha ki bar masu.

Ranar da Baffa ya dawo, gero ya fitar da kai, ko’ina kore. Rugga ta cika, har daga garin Sarkin Hausa an zo. Yana zaune kan tabarma da farar riga, ya yi fes, fuskar nan kamar an wanke ta. Yana ba kowa dabino da zamzam a ɗan ƙaramin kofi. Da na durƙusa ya ba ni da hannunshi, ya ce, “Dije, na kira sunanki a gaban Ɗakin Allah.” Ke kuma kika haye cinyarshi yana tsokanarki, wai amaryarshi ta rame don ba ya nan, ke kina cewa ba ki son tsoho mai furfura.

Goggo Abu, ƙanwarshi, ta dama fura tun da safe da nono mai kyau, ta kawo a ƙwarya ta aje gabanshi. Na ga ya miƙa hannu wajen ludayi. Ni na janye ƙwaryar. Na ce, “Goggo, fura ai kullum ana sha. Yau Alhaji sabon abu zai sha.”

Goggo ta ce, “Ke dai Dije da kayan birni. Mutum ya yi wata bai ga nonon shanunshi ba.”

Ban saurare ta ba.

Wannan ma ki riƙe. Kafin ki sayi abin sha don wani, ki tambayi kanki shi me yake so, ba me zai sa a yabe ki ba. Tsoho mai ciwon suga ba a kai mashi katon na lemu don a ga kin yi ƙoƙari. Mai jego kunu take so mai ɗumi, ba abu mai gas da zai kumbura mata ciki ba. Gidan rasuwa ruwa ake kaiwa, ruwa kawai, mai sanyi in an samu, ba ja ba kore. Buɗe-baki kada ki cika sukari, mutane ƙishi ke damunsu. In kau ba ki san mutum ba, ki tambayi matar da ke ba shi abinci. Ita ta sani. Ranar nan amsar tana gabana cikin ƙwarya, na ture ta da hannuna.

Ban buɗe kwalbar a gida ba. Guda na sayo, kuma ina son ta yi fau ɗin nan gaban jama’a. Na ba kawunki Bello ya buɗe, ni na riƙe waya ina ɗauka. Ta yi ƙara, yara suka watse, mata suka yi guɗa. Na zuba a kofi da hannu guda, ɗaya hannun yana riƙe da waya, na miƙa wa Baffa. Ya yi bisimilla ya kurɓa. Ya ɗan tsaya. Ya haɗiye, don mutane na kallonshi kuma ɗiyarshi ce ta ba shi.

Ya ce, “Dije, wannan lemun bai lalace ba kau?”

Na ce, “Gas ne Baffa, haka yake, ba ka saba ba ne.” Ina dariya. Ya ƙara kurɓa don ya faranta mani.

Ummi, ko hancina ban kai bakin kofin ba. Da na shinshina da na ji. Ke kin san warin bisap da ya kwana cikin zafi, ko daga ƙofa kina ganewa. Irin wannan ne, ya ma fi. Kada ki taɓa ba mutum abin da ba ki ɗanɗana ba. Ko na kwalba, ko na leda, ko wanda kika dafa da kanki. In Hajiya ta ce a sayo katon, ki sayo guda tukuna, ku buɗe a gida. Ki zuba a kofin da ake ganin ciki, ki duba, ki shinshina, ki kurɓa kaɗan ki riƙe a baki. In ya ciji harshe, ko ya yi ɗumi a ƙirji, ko dai kawai ranki bai kwanta ba, a bar shi. Kuma ki zuba wa mutum da hannu biyu, idonki kan fuskarshi. Ni fuskar Baffa ban gan ta ba sai daga baya, cikin waya.

Kin san rugga ba rezon waya sai an hau tudun nan na bayan rijiya. Ko zama ban yi ba, na ruga can na ɗora bidiyon, na tura gurup ɗin ƴan ajinmu, na tura na matan unguwa. Na rubuta, Alhaji Baffa an sha na manya. Ina tsaye ina jiran a yaba. Saƙon farko da ya shigo na wata ƙawata ne da ke aure Yamai. Ta ce, “Dije, cire! Cire yanzu! Kin san mene ne a hannunki?” Sunan kwalbar ya fito ɓaro-ɓaro a hoton.

Na cire, amma an riga an tura gaba.

Da na sauko, tabarma ba kowa. Ashe kawunki ya juya kwalbar ya karanta, ya raɗa wa Baffa da Fillanci cewa giya ce. Baffa ya miƙe. Ya ɗauki buta ya zaga bayan garke. Daga inda nake ina jin yana kurkure baki yana zubarwa, yana kurkurewa yana zubarwa, har butar ta ƙare, ya aika a ƙaro. Mutumin da ya dawo ba shi da zunubi ko guda kamar jinjiri, zamzam bai bushe a bakinshi ba.

Da abin ya tsaya a rugga, da mu kaɗai muka sani. Ni na fitar da shi. Ranar kasuwar Gidan Amumune ya kai bijimi, dillalai suka tarbe shi da, “Alhaji, ashe har da ta manya aka sha? A ɗan sam mana mana.” Wasa suke yi, haka suke da kowa. Shi ba a taɓa yi mashi irin wannan wasa ba. Ya juyo da bijiminshi bai sayar ba. Ya daɗe bai sake taka kasuwar ba, sai dai ya aiki kawunki.

Ba zan ce ki bar waya ba, wa zai yarda in ni na faɗa? Da ita nake samun masu biki, da ita zan riƙa ganinki. Amma a gidan mutane za ki yi aiki, ranar farin cikinsu da ranar da suka rikice. Abin da kika gani ba naki ba ne. Kada ki ɗauki mutum yana ci ko yana sha. In hannunki na ƙaiƙayi, ki bari a kwana, in har da safe kina ganin ya dace, ki tambayi mai shi.

Liman ya zo har rugga ya ce mashi, “Alhaji, ba ka da laifi ko kaɗan. Wanda bai sani ba, ba a rubuta mashi. Hajjinka na nan.” Baffa ya ce, “Na sani, malam.” Ni ma na je na durƙusa ina kuka. Ya ce, “Tashi Dije. Na yafe maki tun kafin in ɗauki butar nan.” Kuma na yarda ya yafe. Bai taɓa ɗaga mani murya ba. In na je yana tambayar babanki, yana ba ni man shanu in taho da shi. Amma ranar da na kawo mashi ruwa, ruwan rijiyarshi, a kofinshi, ya kai baki ya kasa. Na ga maƙogwaronshi ya motsa, ya sauke kofin. Ya ce, “Ba zuciyata ba ce, ɗiyata. Nan ne ya ƙi.” Ya nuna wuyanshi.

Shi ya sa ban so in ji kina cewa kakanki mai riƙo ne. Ba riƙo ba ne. Shi ma yana jin ciwon.

Kin san bayan wannan ne na fara sana’ar nan? Na rantse ba zan ƙara ba kowa abin da ban san me ke ciki ba. Na koma dafa nawa, ganyen bisap in zaɓa da hannuna, tsamiya in jiƙa da kaina, citta in daka. Har na gano hannun Inna a ruwan tsamiya, da kanumfari kaɗan da ɗan barkono, yadda take yi wa Baffa in ya dawo kiwo da bazara.

Nan na ƙara yin wata wautar. Na yi tsamiyar na ba Goggo Abu, na ce ta ce ita ta yi. Goggo ta ce, “Ni ƙarya da furfurata?” Na yi ta roƙo har ta yarda. Ya sha. Ta ce ya shanye kofi ya nemi ƙari, sai ya ce, “Abu, yaushe kika koyi hannun marigayiya?” Goggo ba ta iya ƙarya ba, ta sunkuyar da kai. Ya gane. Ya ce, “Sau biyu ke nan ana ba ni abu a ce mani wani abu ne.” Har Goggo sai da ta yi kwanaki yana tambayarta kafin ya sha furarta. Ni murna nake ya sha nawa, ashe ƙara nisa na yi. Kada ki yi ƙarya kan abin da ke cikin kofi, kada ki yi ƙarya kan wanda ya yi shi. Ko don alheri. Mai sha amana ya ba ki, ya rufe ido ya haɗiye.

Yanzu ga abin da ya sa na dame ki da duk wannan surutu. Goggo ta kira ni. Ta ce jikin Baffa ya ja baya sosai tun da zafin nan ya shigo. Tuwo ba ya wucewa, sai ruwa-ruwa. Ta ce ran nan yana kwance ƙarƙashin itacen aduwa ya ce, shi kaɗai kamar ba da kowa yake ba, “Tsamiyar marigayiya dai.” Ta ce mani, “Dije, in kina da abin yi, ki yi shi bana.”

Na yi niyyar zuwa da kaina. Amma in ina tsaye kanshi zai tilasta wa kanshi don kada in ji ciwo, ko ya kasa ya ji kunya, ga rashin lafiya. Ban so ko guda. Ke kau amaryarshi ce, da ke yake dariya.

Akwai ƙaramin farin bido, ƴar jarkar tsamiyar da na haɗa, cikin firigon maƙwabta, na sa ya daskare. Da safe zan naɗe maki shi da jiƙaƙƙen buhu. Ki riƙe shi a cinya, kada ki bari mai kabu-kabu ya ɗaure shi kusa da inji. Hanyar rairayi ce kuma rana za ta yi. Tsamiya mai sukari in ta sha zafi tana juyawa, ta fara kumfa, ta kama hanyar zama abin nan da yake tsoro. Don haka in kin isa, ki gaishe shi, ki bari ya gama tsokanarki. Sai ki buɗe bidon a gabanshi. Ki saurara, in ya yi tsss, ko kin ga kumfa, ko ya ciji harshenki, ki zubar a ƙasa, kada ki ji tausayina. In lafiya lau yake, ki zuba a ƙaramar ƙwaryarshi, ki fara sha yana kallo. Ki faɗa mashi abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, tsamiya, ruwa, sukari kaɗan, kanumfari, barkono. Sannan ki ce, “Mamana Dije ce ta yi, ta ce in gaya maka ita ce.” Ki miƙa da hannu biyu. Wayarki ta zauna cikin jaka.

Kada ki roƙe shi. Kada ki yi kuka. In ya aje gefen tabarma, ki bar shi, ki ci gaba da hira kamar ba komai, ki nemi albarkarshi ki kama hanya. Ba sai kin gaya mani ba, in na ga kin kira daga Maradi zan gane, kuma ba zan tambaye ki ba.

In kau ya sha, ko kurɓi guda ne, ki hau tudun bayan rijiya ki kira ni daga can.

Kowa na yi mani dariya wai waya ta manne a hannuna, babanki har cewa yake da ita za a rufe ni. Gobe dai a bar ni. Na gaya wa masu bisap ba ni fita kasuwa. Zan sa ta sharji tun da asuba in zauna bakin ƙofa.

Allah ya kiyaye hanya, Ummi. Allah ya tsare ki daga sharrin mutum da na ƙarfe, ya sa albarka a hannunki, duk wanda ya sha abin da kika ba shi ya sha da kwanciyar rai. Ki gaida Goggo Abu da kawunki Bello. Ki gaida Hajiya Rabi, ki yi mata biyayya. Ki riƙe salla. Allah ya ba Baffa lafiya, ya sa mu gana da alheri.

Ki sa hula ƙarƙashin hijabi, rana za ta yi zafi.

Mamanki,
Dije